Bayin Makau: Matsalar Ɗa'a a Cikin Littafin Shaihu Umar

Gabatarwa

Duk wanda ya koyar da adabin Hausa a kwalejin horon malamai ya san akwai littattafan da ɗalibai kan zo aji da hukuncinsu a aljihu tun kafin a buɗe su. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikinsu. In ka tambayi ɗalibi jigon littafin ba zai yi wata-wata ba, zai ce maka illar bauta da cinikin bayi, ya ƙara da haƙuri da yarda da ƙaddara a matsayin ƙananan jigogi. Haka aka koya masa a sakandare, haka mu ma aka koya mana, haka kuma muka yi ta koyarwa, har ranar da wata ɗaliba 'yar ƙabilar Gbagyi, watau waɗanda Hausawa ke kira Gwari, ta ɗaga hannu ana tsakiyar darasi ta ce, "Malam, su mutanen da Makau ya kamo, ina labarinsu ya ƙare?" Muka koma littafin muka duba. Bai ƙare a ko'ina ba. An kamo su, an ƙidaya su, an yi gardama a kan adadinsu a gaban sarki, daga nan ba a sake waiwayarsu ba.

Wannan takarda ta taso ne daga tambayar nan. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne littafin yana auna mutane da mudu biyu. Akwai waɗanda in bauta ta faɗa musu ake kiranta zalunci, a sa mai karatu ya zubar musu da hawaye. Akwai kuma waɗanda in ta faɗa musu ake lissafa ta cikin sana'o'in wasu, kamar fatauci ko jima. Za mu bi wannan awo a fada da kasuwa da hanyar Sahara, sa'an nan mu duba ko marubucin ne mai mudun ko kuwa mai ba da labarin, domin amsar ta shafi yadda ya kamata mu koyar da littafin.

Shaihu Umar yana ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai wadda Dokta Rupert East ya shirya a 1933, Hukumar Talifi ta Zariya ta buga shi a 1934. An haifi marubucin a 1912, ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya kama koyarwa a Midil ta Bauci, ke nan bai wuce shekara 22 ba lokacin da littafin ya fito. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Labarin ba baƙo ba ne ga mahalarta wannan taro, saboda haka tuni kawai za mu yi. Wani shaihi ne a Rauta, kusa da Bauci, yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa. Maraya ne ɗan Kagara, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Aka kori Makau daga gari, uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta ta bar yaron a hannun ƙawarta, aka sace shi. Bayan 'yan faɗi-tashi mahara suka kama shi aka kai shi Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi zuwa Ber Kufa a ƙasar Masar, ya rene shi kamar ɗansa, ya yi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama malami. Uwar kuwa ta fita nemansa, aka yaudare ta aka bautar da ita, ba su sake saduwa ba sai a Tarabulus, tana gab da rasuwa.

Shari'ar Makau

Mu tsaya a fadar Kagara, domin a nan ne marubucin ya fi nuna gwaninta, a nan ne kuma matsalar take kwance. Sarki ya tura mahara ƙasar Gwari. Makau amintaccen sarki ne, saboda haka sauran fadawa ke ƙyashinsa. Da aka komo sai suka haɗa baki suka ce bayin da ya kamo sun fi waɗanda ya gabatar, watau ya ci amanar ubangidansa. Sarki ya gaskata, aka washe gidan Makau, aka kore shi, ya bi daji har ya sami mazauni a Maƙarfi.

A matsayin hoton siyasar fada, da wuya a sami abin da ya kai wannan a cikin littattafan gasar. Fada ce wadda babu wata dukiya a cikinta da ta wuce kusanci da sarki, don haka duk wanda ya matsa kusa ya zama abokin gabar kowa. Masu ƙara su ne shaidu. Ba a kai magana gaban alƙali ba, bakin da ya ji ƙarar shi ya yanke hukunci, hukuncin kuma bai tsaya kan wanda ake tuhuma ba, ya haɗa da matarsa da agolansa. Ya kamata a lura cewa duk wani bala'i da ya biyo baya a littafin daga wannan zama ya tsiro. Da ba a kori Makau ba, da uwa ba ta rabu da ɗanta ba, da ba a sace yaron ba, da ita ba ta mutu baiwa a bakin bahar ba. Marubucin ya ɗaura igiyar labarinsa kaf a kan hukuncin zalunci guda ɗaya na mai mulki. Wanda ya karanta wannan ba zai yi mamaki ba in ya ji cewa mutumin nan ne ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a watan Agusta na 1950 ya nemi a sake duba tsarin mulkin En'e, yana kukan cewa talaka ba shi da ta cewa a cikinsa. Ɗan shekara 22 ya riga ya ga abin da ɗan shekara 38 zai faɗa a bainar jama'a.

To, amma mene ne ake shari'a a kansa? Amana. Tambayar da ke gaban fada ita ce ko Makau ya tauye wa sarki rabonsa. Kayan amanar kuwa mutane ne, manoma da aka far wa a ƙauyensu. Idan muka ce Makau mai gaskiya ne, kuma littafin yana so mu ce haka, ma'anar gaskiyarsa ita ce bai rage ko mutum ɗaya ba daga cikin waɗanda ya raba da gidajensu, ya miƙa su cif-cif. Mai karatu yana jin zafin ƙazafin da aka yi masa, yana tausayinsa sa'ad da yake tafe shi kaɗai a daji ba gida ba dangi, ya manta cewa kwanaki kaɗan da suka wuce shi wannan Makau ya jefa wasu cikin halin da ya fi nasa muni. Ba a ba mu sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba mu ji muryarsu ba, ba a ce mana wannan tana da goyo ko wancan ya bar tsohuwa a gida ba. Lamba ce kawai da fadawa ke ja-in-ja a kanta.

Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne littafin da kansa ya maimaita wannan hari, amma ta ɗaya fuskar. Bayan da kura ta cinye ɓarawon da ya sace Umar, wasu mutanen ƙauye suka tsince shi suka riƙe shi, har ranar da mahara suka faɗa musu. Abin da aka yi wa Umar a ranar nan shi ne ainihin abin da mijin uwarsa ya yi wa 'ya'yan wasu. Marubucin ya ajiye hare-haren biyu kusa da juna, kamar mai shirin cewa wani abu, sai ya wuce bai ce ba. Mai karatu mai lura yana iya cewa alhaki ne ya bi gida, amma babu wani baki a littafin da ya furta haka, ko Shaihun da kansa, wanda ya yi shekaru yana koyar da halal da haram.

Sana'a da Hali

Idan muka bar fada muka shiga kasuwa za mu tarar da mutum uku da abincinsu ke fitowa daga tukunya ɗaya. Akwai Gumuzu na Kano, wanda bayi ke taruwa a hannunsa. Akwai Ado, wanda ya yaudari uwar Umar da alkawarin kai ta wurin ɗanta. Akwai kuma Abdulkarim. Littafin ya raba su ne bisa ga hali: Ado maci amana ne, Abdulkarim kuwa mai tausayi da tsoron Allah. Sana'ar da ta haɗa su ba ta shiga cikin awon ba.

A laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya jera halaye irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. In aka gwada Abdulkarim da wannan jeri, kusan babu inda zai faɗi. Ya ga maraya ya ji ƙansa, ya ɗauke shi ɗa, ya sa shi makaranta, ya rako shi neman uwarsa. Sai dai dukan halayen nan suna duba yadda mutum ke zama da wanda ke gabansa ne, wanda ya san sunansa. Ba su tambayar inda kuɗin tuwon ya fito. Allon da Umar ya yi karatu da shi da rigar da ya sa ya shiga zauren Shaihu Mas'ud daga ribar ayari suka fito, ayarin kuwa da mutane ya ƙetare Sahara. An zaɓi yaro ɗaya aka ce ɗa ne. Sauran yaran da suka taka rairayi ɗaya da shi, su ma kamar bayin Makau, littafin ya sauke su a hanya.

Kada a ce Hausa ba ta da kalmomin da za a tuhumi sana'a da su. Tana da haƙƙi, tana da alhaki, tana da cin gumin wani, tana da dukiyar haram. Malaman da suka yi waƙoƙin wa'azi tun ƙarni na 19 sun yi amfani da su a kan mai tauye mudu da mai cin riba da alƙali mai karɓar toshi. Kayan aikin suna nan, ba a ɗora su a kan wannan ciniki ba ne kawai.

Inda littafin ya yi kuka da gaske shi ne a kan uwar, kuma duk wanda ya karanta wannan kashi bai ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro ba, to, a binciki zuciyarsa. Mace ce da ta bar gida ba da guzurin komai ba sai son ɗanta, aka kai ta Murzuk, ta kai ƙara gaban alƙali, hukuncin bai kuɓutar da ita daga hannun masu cinikinta ba, ta ƙare a Tarabulus cikin wahala. Amma mu tambayi kanmu, me ya sa bautarta ta zama abin ƙyama a idon labarin? Saboda 'ya ce, Musulma, mai iyaye sanannu a Fatika, wadda aka kama ta hanyar yaudara. Wannan awo tsoho ne. A 1615 Ahmad Baba na Tambutu, a cikin Mi'irajus Su'ud, ya amsa tambayar mutanen Tuwat kan wanda ya halatta a mallaka, ya ce launin fata ba dalili ba ne, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda ba a bautar da mutanensu. Shugabannin jihadin 1804 su ma sun yi kukan yadda ake sayar da 'ya'ya Musulmi. Ke nan zargin da Shaihu Umar ya yi wa bauta bai fita daga wannan da'ira ba: an bautar da wadda bai kamata ba. Ko a cikin da'irar ma akwai abin cewa, domin malaman fiƙihu sun gindaya sharuɗɗa, mutanen da ke da amana ba a taɓa su, samamen neman riba kuma ba jihadi ba ne. Irin harin da aka yi ta kai wa ƙasar Gwari, wanda Sarkin Sudan na Kwantagora Ibrahim Nagwamatse ya yi suna da shi har Turawa suka ci garinsa a 1901, da wuya ya tsallake waɗannan sharuɗɗa. Shaihin Rauta ya fi kowa cancantar ya faɗi haka.

Game da Sahara ba za mu daɗe ba. Guguwar rairayin da ta binne ayarin su Umar a hanyar komowa, har Abdulkarim ya halaka, littafin ya ɗauke ta ƙaddara, mu ma ba mu da ja. Amma mutuwar da aka yi ta yi a hanyar zuwa arewa da hannun mutum a ciki. Denham da Clapperton, da suka bi hanyar Murzuk zuwa Barno a ƙarshen 1822, sun ba da labarin ƙasusuwan bayi birjik a gefen rijiyoyi. Hamada ba ta je ƙasar Gwari ta ɗauko kowa ba, kawo mata su aka yi.

Mai Mudun

Yanzu sai mu yi wa marubucin adalcin da ba a yi wa Makau ba. Hujja ta farko da za a kawo masa ita ce ba shi ke magana ba, Shaihu Umar ne, mutumin ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Rabe, wanda bafade mahari ya fara riƙonsa, falken bayi ya ƙarasa. In irin wannan mutum ya buɗe baki ya la'anci bauta ɗungurungum, da mun ce marubucin ya sa masa maganar da ba tasa ba. Akwai shaida a kan haka. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta ba da labarin rinjin gidansu da bayinsu, ta kuma ba da labarin yadda mahara suka sace danginta aka yi ta fafutukar fansarsu, ba ta ga wani karo tsakanin biyun ba. Mudu biyun nan haka yake a zukatan mutanen lokacin, littafin bai ƙaga shi ba.

Hujja ta biyu ita ce lokacin da aka yi rubutun. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannu ba, sai dai su fanshi kansu ta hanyar murgu ko su je kotu. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Lovejoy da Hogendorn, a littafinsu na 1993, sun ƙiyasta bayin Daular Sakkwato a wajen 1900 tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Watau ranar da Shaihu Umar ya fito daga maɗaba'a akwai bayi da ƙwaraƙwarai a gidajen manyan da 'ya'yansu za su karanta shi a makarantun En'e, marubucin kuwa ƙaramin malami ne, ba ɗan sarauta ba, mahaifinsa bara ne a gidan hakimin Lere. Nuna harin ma ƙiri-ƙiri, da nuna sarki yana jiran kasonsa, ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce.

Mun karɓi hujjojin nan biyu, amma ba su kai inda ake so su kai ba. Marubuci yana da hanyoyin da zai sa mai karatu ya ga abin da tauraronsa bai gani ba, Ɓalewa kuwa ya san su, tun da ya yi amfani da su a fada: Shaihun bai tsaya yi wa sarkin Kagara wa'azi ba, duk da haka babu mai karatun da ke fita bai san an yi zalunci ba. Jimla biyu a bakin wata kamammiya, ko suna guda, da sun isa. Tun 1885 akwai irin wannan murya a rubuce cikin Hausa, ta Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka yi ta sayarwa har Overweg ya 'yanta shi, ya bi Barth zuwa Turai, Schön ya buga labarinsa a Magana Hausa. (Abin dariya, shi ma Barth da sunan Abdulkarim ya yi yawo a ƙasashen nan.) A ganinmu, saboda haka, mudun na mai ba da labari ne, amma marubucin ya ara ya yi awo da shi bai nuna mana gindinsa a lotse yake ba.

Laifin da ya fi girma namu ne, mu masu koyarwa. Mun ɗauki littafin da ke nuna yadda mutanen kirki ke zaune lafiya da mugun abu, mun liƙa masa takardar "illar bauta", mun huta. Da wannan take ɗalibi kan rufe littafin yana jin cewa shi da marubuci da Shaihu duk suna gefe ɗaya, miyagu su ne Ado da ɓarawon yara. Ba ya zuwa inda zai tambayi kansa su wane ne nasa Gwarin, waɗanda in abu ya same su yake ji a rediyo a matsayin adadi. Maganar kuwa ba ta tsufa ba. Sai a 2003 Jamhuriyar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a dokarta, a 2008 kuma kotun ECOWAS ta kama gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya. A 2017 duniya ta ga hotunan gwanjon 'yan ci-rani a Libiya, ƙasar da Murzuk da Tarabulus suke. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka kwashe mutum 42, cikinsu da ɗalibai 27, daga makarantar kimiyya ta wani gari a Jihar Neja, sunan garin Kagara. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai mai kai abinci, da mai ba da labari, da mai karɓar kaso, da dillali, waɗanda wataƙila a unguwarsu ana shaidarsu da kirki.

Bayan tambayar ɗalibar nan mun sauya aikin da muke ba 'yan ajinmu. Maimakon su kawo jigo da warwararsa, sai muka ce kowa ya ɗauki mutum ɗaya daga cikin waɗanda Makau ya kamo, ya raɗa masa suna, ya rubuta shafi biyu na abin da ya same shi daga ranar da aka kai shi fadar Kagara. Mafi yawansu, da muka karɓi takardun, sun sa wani attajiri mai tausayi ya sayi nasu, ya 'yanta shi, ya sa shi karatu, har ya zama malami ko limami. Ita kuwa ta rubuta labarin wata mata da aka kama tana shuka. Ta bi ta daga Kagara zuwa kasuwa, ta tsaya a inda mai saye ya buɗe mata baki yana duba haƙora, dillali yana cewa albarka.